Baƙon Sadakar Ukun Iya Hannatu

Ranar sadakar ukun Iya Hannatu, gidan Malam Ilu da ke Gumel ya cika har sai da aka fito da tabarmi bakin titi. Ummukulsum, babbar 'yar Malam Ilu, ita ke ta kaiwa da komowa tsakanin madafi da soro, domin ita ta fi kowa sanin inda kakarta ke ajiye komai. A ɗakin Iya aka yaye ta, a nan ta girma, daga nan take fita makarantar firamaren da take koyarwa. Da za a tambaye ta a ranar, da ta rantse babu abin da ba ta sani ba game da tsohuwar.

Abin da ta sani kuwa kowa a unguwar ya sani. Iya mace ce da ba ta iya zama ba. Kafin ladan ya kira assalatu ta hura wuta, kafin rana ta fito ta sauke kunun gyada na sayarwa, da hantsi tana kan daddawarta, da yamma kuma ko tana ɓarar gyada ko ta sami wata tsohuwar katifa ta farke tana gyara. Da wannan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ta tsaya wa Ilu har ya gama karatu ya sami aiki a ƙaramar hukuma. Akwai ta da faɗa, musamman ga mai barcin safe, amma ba a taɓa shiga ɗakinta aka fito da yunwa ba.

Ummukulsum ta kai faranti na waina soro ke nan ta lura da wani mutum. Dogo ne, siriri, zai yi sa'ar babanta, da malafa a rataye a bayansa da sanda irin ta makiyaya. Bai zauna cikin baƙi ba. Kai tsaye ya wuce ya zauna kusa da Malam Ilu, inda masu karɓar gaisuwa ke zama. Duk wanda ya zo ya ce, "Ya haƙuri?" sai shi ma ya amsa tare da 'yan gida, ya shafa addu'a, ya yi godiya. Mutane suna ta satar kallonsa. Ta ga alamar shi ma Malam Ilu abin ya ɗaure masa kai.

Ba baƙuwar fuska ba ce a wurinta. Yakan zo duk shekara bayan kaka da ƙwaryar man shanu. Iya takan shimfiɗa masa tabarma a soro, ta zubo masa tuwo da hannunta, ta tsaya a kansa sai ya cinye, tana yi masa faɗa wai ya rame. Su 'yan gida sun ɗauka mai kawo mata mai ne, ko kuma ɗaya daga cikin masu sayen daddawarta.

Da zai tafi, tana tsaye a bakin ƙofar soron tana tattara kofuna, ta ji ya sunkuya ya ce wa babanta, "Hamma, an yi mana rashi. Ban ji ba sai jiya. A nuna mini inda aka sa ta."

Wani maƙwabci, Malam Ya'u, shi ya raka shi maƙabarta. Da ya dawo ya ce bai taɓa ganin abokin ciniki ya yi irin wannan kuka ba. Mutumin ya daɗe a tsugune, yana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, sannan ya miƙe ya nufi tasha ya hau motar Maigatari.

Bayan baƙi sun ragu Ummukulsum ta sami babanta ta tambaye shi. Ya ce sunansa Usaini, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya ce tun yana saurayi Iya ta taɓa ce masa wannan ɗan'uwansa ne, to amma Iya duk wanda ya ci tuwonta sau biyu ɗanta ne, har da mai kawo itace, don haka bai ɗauki maganar da nauyi ba.

Ita kuwa maganar ta ƙi barin ta. Tana da ɗalibai 'ya'yan Fulani, ta san a Fulatanci babban wa ake ce wa Hamma. Sai kuma ta riƙa tuno wata ɗabi'a ta Iya da suka daɗe suna yi mata dariya a kai. Duk saurayin da ya zo neman aure a gidan, tun daga kan gwaggonninta har zuwa ita kanta, Iya ba ta tambayar aikinsa ko abin hannunsa. Sunan uwarsa take tambaya, da sunan ubansa, da garin da aka haife su. In ya ce daga wajen Maigatari ko Sule Tankarkar suke, sai ta gyara zama, ta bi dangin nan ɗaya bayan ɗaya har yaro ya fara gumi. Ummukulsum ta ɗauka tsufa ne kawai da son jin ƙwaƙwaf. Yanzu ta fara shakka.

Ta dami babanta da zancen har ya gaji. Ranar wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya ce ta shirya su je, in ya so kowa ya huta.

Sun isa kasuwa ta cika ta batse. Ga raƙuma a durƙushe ana sauke musu kanwa da dabino, ga mutanen Damagaram da rawunansu suna ciniki da irin Hausarsu, ga ƙarar manyan motoci da ake loda wa shanu za a yi kudu da su. A kara, inda ake cinikin dabbobi, suka tsaya wajen dillalai. Malam Ilu ya ce suna neman wani Usaini, dogo. Aka yi dariya, aka ce Usaini dogo a nan ai sun fi a ƙirga. Da ya ƙara kwatance, wani dattijo ya ce, "Au, Usaini Gagarawa kuke nufi."

Ummukulsum ta dubi babanta. A Gagarawa Tasha aka haife shi, a can Iya ta fara zaman aure kafin su dawo Gumel. Ta tambayi dattijon ko Usainin mutumin Gagarawa ne. Ya ce a'a, shi dai tun tasowarsa haka ya ji ana kiransa, alhali gidansu na can hanyar Sule Tankarkar, kuma ɗan'uwan tagwaitakarsa Hassan ba a laƙaba masa wannan suna.

Suka same shi a gindin wani maina, itacen darbejiya, yana ba wa wata karsana ruwa. Bai yi mamakin ganinsu ba. Ya ce daman mahaifiyarsa, Yelwa, tun da ta ji rasuwar take tambayar ko wani daga gidan zai zo, ga shi ita ba ƙafa, ba ido. Ya bar dabbar a hannun wani ɗan'uwansa ya shiga motarsu. Suka bi hanyar Sule Tankarkar, suka sauka daga kwalta, suka yi ta tafiya cikin rairayi har motar ta fara nishi. Daga nan suka ajiye ta a gindin wata kuka suka ƙarasa da ƙafa, ta cikin gonakin da aka riga aka girbe gero, shanu na ta kiwo a cikin karan.

Gidan ƙasa ne mai faɗi, da rumbuna a gefe da turken maruƙa. Yelwa na zaune a inuwar ɗakinta, 'yar ƙaramar tsohuwa, idanunta sun yi fari fat. Da aka gaya mata ko su waye, sai ta ce Ilu ya matso. Ta shafa kansa, ta shafa kunnuwansa, har hularsa ta faɗi.

"Kai ne mai cizon nan," in ji ta.

Malam Ilu, mai furfura a gemu, ya sunkuya ya ɗauki hularsa. Ummukulsum ta danne dariyarta ta gaishe ta, ta ce, "Inna, mun zo ne mu ji. Mu ba mu san komai ba."

Tsohuwar ta gyara zama. Sannan ta fara, da Hausarta mai gardin Fulatanci, Usaini na cike mata inda kalma ta ƙwace.

Ta ce a shekarun babban farin nan ne, lokacin da damina ta ƙi zuwa a jere. Suna can arewa da iyaka, ciyawa ta ƙare, rijiyoyi suka ƙafe, suka kaɗo shanu suka yo kudu. Shanun suna faɗuwa a hanya, wadda ta faɗi kuma ba ta tashi. A cikin wannan tafiya ta haifi tagwaye. Da suka iso Gagarawa Tasha ta kasa ci gaba. Mijinta ya ajiye ta a gindin wata tsamiya kusa da layin dogo, ya bar mata ɗan abin da ya rage na gari, ya wuce da sauran dabbobin ko zai tsirar da wasu. Garin ya ƙare. Nononta ya ɗauke. Hassan yana da sauran ƙarfin kuka, amma Usaini sai dai ya buɗe baki, sautin da ke fita bai fi na ɗan kyanwa ba.

A lokacin Hannatu yarinya ce doguwa mai wushirya, mijinta ya tafi cin rani Kano, tana sayar wa fasinjojin jirgin ƙasa kunu, da Ilu goye a bayanta. Jirgi ya tashi, tana komawa gida da tulunta, sai ta biyo ta gindin tsamiyar. Ta tsaya ta dubi yaran. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Ta nuna Usaini ta ce, 'Ba ni wannan.' Ni lokacin ban iya Hausa ba, amma na gane. Ta zauna a ƙasa nan take ta sa masa nono. Kai kuma kana bayanta kana ta tsala ihu, kana dukanta da ƙafa."

A ranar Hannatu ta kwashe su ta kai ɗakinta. Maƙwabta suka yi ta magana, wai shekarar da kowa ke ta kansa ita ta ɗauko wa kanta bakuna uku, za ta kashe ɗanta da yunwa saboda ɗan wasu. Yelwa ta ce ba ta taɓa jin ta amsa musu ba, aiki kawai ta ƙara. Da asuba ta ɗebo wa ma'aikatan tasha ruwa su biya ta da tsaki ko dusa. In ta sayar da kunu ta dawo, sai ta shiga daji ta tsinko 'ya'yan itacen anza, ta zo ta yi ta jiƙawa tana zubar da ruwan har ɗacin ya fita sannan a dafa. Har gidan tururuwa ta tona ta kwashe hatsin da suka tara. Kwanukan jerenta kuwa ɗaya bayan ɗaya suka bar ɗakin, har bango ya zama fayau. Duk inda za ta, ɗaya na goye, ɗaya na saɓe a kafaɗa. In ta zauna shayarwa sai Ilu ya ga an ba wa baƙo, ya kama nasa ya gartsa mata cizo. Ita kuwa Yelwa, kunun kanwa Hannatu ta riƙa ɗura mata, da faɗa da komai, har nononta ya dawo daidai abin da zai ishi Hassan.

Ummukulsum ta tambaya da wane harshe suke magana a ɗakin. Tsohuwar ta yi dariya ta ce da hannu, da kuma faɗa, domin faɗan Hannatu ba ya bukatar tafinta.

Da ruwa ya sauka, mijin Yelwa ya dawo da 'yan shanun da suka tsira. Suka tashi tafiya, Usaini ya ƙi yarda da uwarsa, in ta ɗauke shi sai ya sandare. Hannatu ta ce a bar mata shi sai ta yaye shi. Haka aka yi. Da lokacin ya yi, babu wanda ya aika mata, ita da kanta ta goyo shi ta fito nemansu, daga Gagarawa zuwa Gumel, daga Gumel zuwa Maigatari, tana tambaya ruga-ruga har ta same su. Ta sauke shi ta miƙa, ta sha ruwa, ta ce ta bar aiki a gida. Aka yi aka yi ta kwana ta ƙi. Yaron na ta kuka yana miƙa hannu, ba ta waiwayo ba.

"Amma na bi ta da ido," in ji Yelwa. "Da ta yi nisa ta shiga bayan wata aduwa. Ta daɗe a wurin ba ta fito ba."

Malam Ilu ya sunkuyar da kai, ya sa hannun riga yana goge fuska. Usaini ya ce tun da ya mallaki hankalinsa mahaifinsa ya kai shi ya nuna masa gidan, daga nan bai taɓa fashin zuwa ba. Kuma duk zuwan da zai yi sai ta sa ya lissafa mata 'ya'yansa, da na Hassan, da inda kowa ya yi aure. Takan ce nono ba abin wasa ba ne, ba za ta bari a ƙulla aure tsakanin gidajen biyu cikin rashin sani ba. A nan Ummukulsum ta gane abin da ya sa samari ke gumi a soron gidansu.

Ta ce, "To, Baffa, me ya sa ba ta taɓa ba mu labarin nan ba?" Sai da kalmar ta fita ta lura da abin da ta kira shi.

Ya ce shi ma bai sani ba. Abin da zai iya tunawa, wata shekara ya zo ya tarar da baƙi a soron, ya ɗauko zancen don ya gode mata a gabansu. Ta katse shi ta ce, "Nono ne, ba ni na ƙera shi ba. Ci tuwonka kafin ya huce." Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba.

Matar Usaini ta kawo fura da nono mai sanyi, suka sha. Ummukulsum na shirin jero wasu tambayoyin sai Yelwa ta riga ta. Ta ce ita ta faɗi nata, saura su. Bayan rabuwar nan sun koma ƙetaren iyaka sun yi shekaru masu yawa, ba su dawo suka zauna a nan ba sai da idonta ya rufe. Hannatu ta zo duba ta, ta ji muryarta, ta riƙe hannunta, amma ba ta gan ta ba. Tana so ta ji yadda ta ƙare. Ta rage faɗa? Ta taɓa yarda ta huta? Wa ya riƙe ta da ciwo ya zo?

Ummukulsum ta ba ta labari. Ta ce faɗa kam sai abin da ya ƙaru. Ta faɗi yadda babanta ya sayo mata kujera mai taushi don ta riƙa hutawa, ta mayar da ita wurin shanya kuka. Ta faɗi yadda take raka ta makaranta tana ƙarama, ta tsaya a bakin taga sai ta ga malami ya shiga aji sannan ta tafi. Ta faɗi yadda ta yi jinyar surukarta, mahaifiyar Ummukulsum, wata da watanni, har mutanen asibiti suka ɗauka ita ta haife ta. Ciwon ajali kuwa bai kwantar da ita ba. Ranar da ta rasu, da safe ta sauke kunu, ta ce kanta na sarawa, ta jingina da bango da faifan gyada a cinya, ta ce wa Ummukulsum ta duba wuta kada ta cinye itace a banza. Kafin ta dawo daga madafi an gama.

Yelwa ta jinjina kai ta ce, "Ita ce." Ta yi mata addu'a mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, suka shafa.

La'asar ta yi sanyi suka yi sallama. Suka koma wajen motar, suka kamo hanya har suka hau kwalta. Sannan Malam Ilu ya ce ya lura da idon tsohuwar nan, kamar yanar ido ce, kuma ya ji ana yin aikinta a warke.

Bayan sadakar arba'in ya koma da kansa ya ɗauko ta. Sai da aka sha fama, domin ta ce ita ba ta ga abin da ya rage a duniya da za ta kalla ba, amma Usaini ya lallashe ta. Aka sauke ta a ɗakin Iya, tare da Ummukulsum. Likita ya duba ya ce ido ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan kuwa za a gwada. Aka yi aikin, aka rufe idon da auduga, aka dawo da ita gida.

Ranar da aka cire audugar ta daɗe tana ƙifta ido. Ta kalli rufin ɗakin, ta kalli tafin hannunta, ta kalli Usaini ta ce ashe shi ma ya yi furfura. Sannan ta tambaya ko akwai hoton Hannatu. Ummukulsum ta ciro wanda aka ɗauka da sallar bara, Iya na zaune a tsakiyar jikokinta, ta ɗaure fuska don an hana ta tashi ta duba tukunya. Yelwa ta kai hoton dab da idonta, ta matsar da shi baya, ta sake matso da shi. Ta tambaya wacce ce a ciki. Aka nuna mata.

"Wannan 'yar tsohuwar?" in ji ta. "Ina wushiryar?"

Ummukulsum ta ce haƙoran gaban sun daɗe da zubewa. Yelwa ta fashe da dariya har da riƙe ciki, hawaye na gangarowa daga idon da aka yi wa aiki, Usaini na ta roƙonta ta bari kada ta ɓata ɗinkin. Da ta natsu ta ce a bar mata hoton a kusa da ita, tana so ta saba da wannan ɗin ma.